SAYEN BABUR ƊAN ƘASAR SIN: ABIN DA KE ƘARƘASHIN TANKI

A unguwar Dar es Salam ta birnin Yamai, kamar yadda yake a maƙwabtanta irin su Lazare da Turaku, babur ya daina zama kayan ado tun da daɗewa. Da yawa daga cikin mazauna unguwar ma'aikatan gwamnati ne da ƴan kasuwa da masu sana'ar hannu, waɗanda wurin neman abincinsu ke nesa da gida: wannan yana aiki a ma'aikatun tsakiyar gari, wancan yana da rumfa a Babbar Kasuwa, wani kuma sai ya ƙetare gadar Kennedy zuwa Harobanda kowace safiya. Mai taksi yakan ƙi sauka daga gudron ya shiga rairayi, faba-faba kuma ba ko'ina take kaiwa ba. Saboda haka magidanci yakan ɗauki dogon lokaci yana zubin adashi, ko ya ci bashi bisa albashinsa, domin ya mallaki abin hawan da zai kai yara lakkol ya kuma kai shi bakin aiki kan lokaci.

Kuɗin ba ƙarami ba ne. A farkon shekarar 2024 aka ɗaga mafi ƙanƙantar albashi a ƙasar nan zuwa jika 42 a wata, alhali kuwa sabon babur, ko mafi araha ne, sai ya cinye irin wannan albashi na watanni masu yawa. Wanda ya yi kuskuren saye ba zai iya gyara kuskurensa a shekara guda ba. Kuma kusan duk baburan da aljihun talaka zai iya kaiwa gare su ƙirar ƙasar Sin ne, waɗanda a bakin titi ake kira “shinuwa”, sau da yawa da ɗan raini a murya. Tambayar da mai saye ke ta jujjuyawa a zuciyarsa ita ce: injin da aka kwaikwaya daga na Japan, abin dogaro ne, ko kuwa araha ce wadda ba ta ado?

YADDA KASUWA TA SAUYA HANNU

Dattawan unguwar suna tune da zamanin da Mobylette da Peugeot na Faransa, da kuma Yamaha da Honda na Japan, su ne ke yawo a titunan Yamai, kuma mai su sananne ne a layinsu. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, sai duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya ninka kuɗi a dare ɗaya. Ƙaramin ma'aikaci ya yanke ƙauna daga sabon babur. A daidai wannan lokaci kuwa masana'antun ƙasar Sin suna tasowa: a 1993 ƙasar ta zama kan gaba a duniya wajen yawan baburan da take ƙerawa. Cikin shekarun da suka biyo baya kayanta suka fara sauka a tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome da Ikko, daga nan suka hauro arewa, wasu ta Gaya, wasu ta Ƙonni da Maraɗi. Su ne suka raya sana'ar kabu-kabu a garuruwan kudancin ƙasar nan, su ne kuma suka ɗora malamin makaranta bisa abin hawa.

Yau mai saye yakan ga sunaye iri-iri rubuce a jikin tanki, irin su Kasea da Royal da Haojue da Apsonic, da wasu da ke fitowa bana su ɓace baɗi. A nan ne ruɗu na farko yake. Wasu sunayen na masana'antu ne na gaskiya masu tarihi. Haojue, alal misali, kamfani ne da ke Jiangmen a lardin Guangdong, wanda ya daɗe yana aiki tare da Suzuki. Wasu kuwa sunayen kasuwa ne kawai: attajiri ya je ƙasar Sin, ya yi odar kwantena, ya zaɓi launi da sunan da za a liƙa. Babura biyu masu suna daban suna iya ɗauke da inji ɗaya tak, haka nan kuma babura biyu masu suna ɗaya suna iya bambanta a ciki idan an canza masana'anta tsakanin wannan oda da waccan.

ASALIN INJIN

Domin a gane al'amarin sai an koma shekarar 1974. A wannan shekara kamfanin Honda ya aika ma'aikatansa su zagaya ƙasashe irin su Tailan da Indunusiya da Pakistan, su ga yadda talakawa ke amfani da babur. Abin da suka tarar ba baƙo ba ne ga mutumin Yamai: mutum uku ko huɗu a kan babur guda, kaya fiye da kima, baƙin mai da ya daɗe ba a juye shi ba har ya yi kauri, matacin iska ya toshe da ƙura, kuma ba a zuwa wurin mai gyara sai injin ya mutu. Maimakon su tsaya zargin mutanen, sai suka koma gida suka zana injin da zai jure irin wannan riƙo. Shi ne CG125, wanda ya fito a 1975, aka fara ƙera shi a Birazil a 1976, kuma har yanzu ana yin sa a Pakistan.

Hikimar ƙirar a sauƙinta take. A cikin irin wannan inji mai bugu huɗu akwai ƙananan ƙofofi biyu a kan silinda, watau supap, waɗanda maƙwabta na Najeriya ke kira bawul: ɗaya tana shigar da fetur da iska, ɗaya tana fitar da hayaƙi. A mafi yawan baburan zamani sandar da ke buɗe su tana can sama, siririyar sarƙa ce ke juya ta, kuma idan mai ya yi datti ko ya ragu, wurin nan ne ke fara ci. A CG kuwa an sauko da ita ƙasa, cikin cikin injin, kusa da inda mai yake kwance. Haƙoran ƙarfe ne ke juya ta ba sarƙa ba, sa'an nan sanduna biyu su miƙa motsin zuwa sama. Injin ba shi da gudun tsere, yana da ƙara, yana kuma girgiza mahayi idan an matsa masa, amma yana da wuyar mutuwa. An kuma sa masa matacin iska na soso wanda ake wankewa a mayar, maimakon na takarda da sai an sayi sabo.

Ɗaya injin da ya cika gari ya girmi wannan. Shi ne na Super Cub, wanda Honda ta fitar a 1958, mai silinda a kwance tana duban tayar gaba, wanda ba a matsa masa kuloci da hannu. A 2017 yawan waɗanda aka ƙera na wannan dangi ya kai miliyan 100. Ƙananan baburan nan na 110 da mata da ɗalibai suka fi so, jikokinsa ne.

Ƙasar Sin ta sami waɗannan ƙire-ƙire ta ƙofa biyu. Ta farko ta halal ce: tun 1981 masana'antar Jialing ta birnin Chongqing ta ƙulla yarjejeniyar fasaha da Honda, kamar yadda Jincheng ta birnin Nanjing ta yi da Suzuki daga baya. Ta biyu kuwa ta kwaikwayo ce. A farkon shekarun 1990 aka kafa Lifan da Zongshen da Loncin, duka a Chongqing, kuma a kewayensu ɗaruruwan ƙananan maƙera suka taso, wannan yana yin pisto kaɗai, wancan karburato, wani haƙoran giya, dukansu bisa awo ɗaya, ta yadda kayan wannan zai shiga injin wancan. Rigima ba ta rasa ba; a 2004 wata kotu a Beijing ta hana Lifan sayar da babura da sunan Hongda, bayan ƙarar da Honda ta kai. Amma tsarin ya riga ya kafu, kuma shi ne sirrin arahar. Har ita Honda sai da ta bi sawu: bayan baburan Sin sun mamaye kasuwar Biyetnam ta fitar da Wave Alpha mai rahusa a 2002, a 2011 kuma ta fito da Ace CB125 daga masana'antarta ta Ota a Najeriya.

Ashe ke nan zanen injin ba shi da laifi. Zane ne da aka jarraba shekara hamsin a ƙasashe masu zafi da ƙura. Abin da ba a iya kwaikwaya da ido shi ne ingancin ƙarfen, da yadda aka gasa shi ya yi tauri, da daidaiton awo wanda ake lissafawa da abin da bai kai kaurin gashi ba, da nagartar roba da wayoyin lantarki. Masana'anta guda tana iya fitar da inji mai daraja ta ɗaya da mai daraja ta uku a rana ɗaya, gwargwadon kuɗin da mai oda ya yarda ya biya. Shi ya sa gardamar da ake yi a majalisun shayi, wannan yana cewa shinuwa ba ya shekara biyu, wancan yana cewa nasa ya shekara goma, ba ta ƙarewa. Dukansu gaskiya suke faɗa, sai dai ba abu ɗaya suka saya ba, kuma ba riƙo ɗaya suka yi masa ba.

LAMBAR DA BA A KARANTAWA

Akwai shaidar da ta fi sunan tanki, ita ce lambar da aka buga a jikin injin, ta gefen hagu daga ƙasa. Ƙasar Sin tana da ƙa'idar rubuta ta. Wanda ya ga 156FMI ko 157FMI, to injin 125 ne: lamba ta farko tana nufin silinda ɗaya, biyun da ke biye faɗin silindar ne a milimita, F na nufin iska ce ke sanyaya shi, M na nufin na babur ne, harafin ƙarshe kuma girmansa. 162FMJ na 150 ne, 152FMH kuwa shi ne na 110 mai kwance. Sau da yawa akan sami haruffan masana'anta a gaban lambar. Wanda ya iya karanta wannan ba za a sayar masa da 125 da sunan 150 ba don kawai an liƙa takarda mai ƙyalli a gefe. Haka kuma lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, idan ta fara da L ƙirar Sin ce, idan da J ta Japan ce. Mai tallar da ya rantse cewa kayansa ɗan Japan ne, wannan harafi guda ya isa ya raba gardama.

Abin mamaki shi ne mai saye yakan ɓata rabin yini yana zaɓen launi, yana gwada oda da fitilu, ba ya ko sunkuyawa ya dubi wannan wuri.

DAGA KWALI ZUWA TITI

Idan aka tambayi tsofaffin makanikai na unguwar inda baburan nan suka fi samun lahani, ba su cika ambaton ƙasar Sin ba. Bakin shago suke nunawa. Babur yana zuwa ne a cikin kwali, tayar gaba da kan tuƙi da batir da sauran tarkace a ware. Yara ne ke haɗa shi a gefen hanya, ana biyan su bisa yawan abin da suka haɗa, don haka sauri shi ne ribarsu. Noti yakan zauna ba a ɗaure shi sosai ba, ko a ɗaure shi fiye da kima har haƙoransa su murje, tun da ƙarfen kusoshin nan yana da laushi. Sarƙa takan yi tsauri, wayoyin taya ba a daidaita su ba, birki kuma an bar shi yadda ya zo. Tazarar supap, wadda a injin CG ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, ba a cika auna ta ba sam. Idan ta yi ƙunci, supap ba ta rufuwa sosai idan injin ya yi zafi, sai ta ƙone a hankali. Mai babur ya ga yana wahalar tashi da safe, ƙarfi yana raguwa, ya ce ai dama shinuwa ne.

Mai hankali ba ya cinikin biri a sama. Yakan zo da makanikin da ya amince da shi, ya biya shi ladansa, a buɗe kwalin a gabansa, a haɗa a gabansa, sa'an nan a bi kowane noti da sifana, musamman na tayoyi da na birki da waɗanda ke riƙe da injin. Wannan ba batun dukiya kaɗai ba ne. Notin tayar gaba da ya kwance a kan gudron, da yaro a gaba da wani a baya, ba garaji yake kai mutum ba, asibiti ne.

Bayan haɗi sai rodaji, watau kilomita dubu na farko, lokacin da ƙarfe ke gogar ƙarfe har su saba da juna. Injin da aka kwaikwaya ya fi na asali buƙatar wannan haƙuri, domin gogewar da aka yi masa a masana'anta ba ta kai ba, kuma akan sami ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a ciki. Man da ya zo da shi bai cancanci a dogara da shi ba. Al'adar ƙwararrun masu gyara ita ce a zubar da shi tun da wuri, a sake yin bidanji bayan ƴan ɗaruruwan kilomita, kuma duk wanda ya ga irin ƙyalƙyalin da ke fita cikin man farko ba zai sake jayayya ba. A wannan lokaci ba a yin dogon gudu, ba a ɗaukar buhun hatsi. Sai dai a nan ne ɗoki yake cin mutane: saurayi ya karɓi sabon babur da safe, da la'asar yana gwada iyakar gudunsa a hanyar Walam.

Duk man da ke cikin injin 125 kamar lita ɗaya ne, na 110 ma bai kai ba. Wannan ɗan mai shi ke shafe ƙarfe, shi ke wanke datti, shi kuma ke taimakon iska wajen rage zafi, a garin da zafin bazara ke wuce digiri 40. Babu matacin mai na takarda irin na mota. Ƴar raga ce kawai a bayan babban murfin da ake kwancewa wajen juye, da wani kasko mai juyawa a ciki da ke tara datti. Makaniki mai gaggawa yakan zubar da mai ya zuba sabo bai wanke ragar ba. Mai babur mai tsimi kuma yakan sayi man awo na kwalba wanda ba a san asalinsa ba, ya yi rarar dala ɗari, ya jawo wa kansa gyaran jika goma. Haka batun matacin iska yake: a layukan Dar es Salam masu rairayi, musamman da hunturu, soson yana cika cikin ƴan makonni, kuma wasu sukan cire shi gaba ɗaya wai don babur ya ƙara ƙarfi. Ƙurar da ta shiga silinda kamar dutsen wasa take, tana cin pisto da zobbansa dare da rana, har hayaƙi mai shuɗi ya fara fita daga salansa.

Fetur ma yana da nasa rabo. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011, gidajen mai suka yawaita a Yamai, amma sayen man kwalba a hannun ƴan ruwa-ruwa bai gushe ba. Kwalbar da ta yini a rana cikin ƙura takan zo da datti ko ruwa, ƙofofin karburato kuwa ƙanana ne kamar kafar allura. Yawancin abin da ake kira mutuwar inji, idan an bincika, toshewar karburato ce, ko buji, ko wata waya da ta tsinke saboda girgiza. Lalle a nan ne baburan araha suka fi rauni: lantarki, roba, fenti, kujera, madubi. Jikin yakan tsufa ya bar injin da ransa.

KAYAN GYARA DA TAKARDU

Babbar fa'idar injin da kowa ya kwaikwaya ita ce ba ya rasa magani. Tun da awon ɗaya ne, pisto ko karburato na CG yana samuwa a shagunan unguwa, yana samuwa a Katako, yana samuwa a kasuwar ƙauye, kuma kowane yaron garaji ya san cikinsa kamar yunwar cikinsa. Wanda ya sayi babur mai baƙuwar ƙira, komai kyansa, yana iya ajiye shi wata biyu yana jiran abin da bai fi tafin hannu ba, balle tun daga 2023 da rufe iyakar Benin ya karkatar da kaya zuwa doguwar hanyar Lome da Burkina Faso. Saboda haka kafin a biya kuɗi ya kamata a zagaya shaguna uku ko huɗu a tambayi kayan wannan iri. Idan masu shago suna girgiza kai, amsa ta samu.

Sai dai kayan gyaran su ma hawa-hawa ne, kuma kwalinsu duka iri ɗaya ne. Mai shago yakan tambayi mai saye ko na ƙwarai yake so ko mai sauƙi. A madubi ko murfin gefe, mai sauƙi ba ya cutarwa. A birki da taya da sarƙa da duk abin da ke cikin injin, mai sauƙi shi ne mai tsada.

Game da takardu, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar shasi da ta inji, a gwada su da waɗanda ke jikin babur harafi da harafi, a kuma tabbatar da takardar duwan, domin ba tare da ita ba kartigiris da lamba ba za su samu ba, kuma baburin da ya shigo ta bayan gida arahar sa takan ƙare a hannun jami'an hanya. Idan mai sayarwa ya yi alkawarin garanti, to ya rubuta abin da ya ƙunsa da tsawon lokacinsa. Hular kwano kuma a sa kuɗinta cikin lissafi tun farko.

Idan aka kiyaye waɗannan, injin yakan yi shekaru yana aiki kafin ya fara shan mai da hayaƙi. Ko a lokacin ma ba ƙarshensa ke nan ba. Makaniki yakan sauke kan injin, ya canza zobba, ko a kai silinda wurin mai injin gogewa a faɗaɗa ta a sa pisto mai girma kaɗan, ko kuma a sayi silinda da pisto sababbi gaba ɗaya, aikin da ba ya wuce yini guda, sa'an nan a sake rodaji kamar ranar farko. Ana iya yin haka fiye da sau ɗaya. Sai ranar da gangar injin kanta ta tsage ake haƙura, a kwance abin da ke da sauran amfani a jera a rumfar masu tsofaffin kaya, sanholon da ya rage kuma a auna shi a kilo a kai wa maƙeran Katako su narka su zuba tukwane.